Datar Bidiyo Ɗaya Ta Isa a Auna Zagayen Tauraro Daga Gusau

Duk matashin da ya fara koyon rubuta manhaja a waya ya san inda ake tsayawa. Zai yi kalkuleta, ya yi manhajar jera ayyukan yini, ya kwafi shafin shiga na Facebook, daga nan sai abin ya tsaya cak. Darussan YouTube sun ƙare, aikin gaske bai zo ba, kuma babu kamfanin da zai ɗauki bayanan kwastomominsa ya miƙa wa ɗan koyo ya yi gwaji da su. A Gusau da Tsafe da Bungudu matsalar ta fi tsanani, domin wuraren da ake koyon irin wannan aiki a hannun gwani ba su da yawa.

Akwai tarin bayanai na gaske, kyauta, waɗanda aka kashe miliyoyin daloli wajen tattara su, suna zaune a intanet suna jiran mai saukewa. Bayanan wasu taurari ne da ke fitar da hasken eksire, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙirji da shi a asibiti. Ra'ayin wannan rubutu shi ne, ga matashin Zamfara mai waya da Python, da wuya a samu filin gwaji mai arha da inganci kamar waɗannan taurari, kuma ya kamata makarantu da cibiyoyin koyar da fasaha na jihar su sa su cikin darasi.

Taurari biyu, ɗaya na cin ɗaya

Taurari da yawa ba su zama su kaɗai kamar rana. Biyu-biyu suke, suna zagaya juna. A irin waɗanda ake magana a nan, ɗayan jibgege ne, shuɗi saboda tsananin zafi, nauyinsa ya ninka na rana sau 20 ko fiye. Ɗayan kuwa gawar tauraro ce, wato abin da ya rage bayan wani ƙaton tauraro ya ƙare makamashinsa ya fashe. Gawar kan zama baƙin rami, ko kuma abin da ake kira tauraron niyutiron.

Tauraron niyutiron ya fi rana nauyi, kusan ninki ɗaya da rabi, amma faɗinsa bai wuce kilomita 20 zuwa 25 ba. Da za a ajiye shi a Zamfara, da kusan tazarar Gusau zuwa Bungudu kawai zai rufe. Nauyin rana da rabi a cushe cikin wannan ɗan wuri shi ke ba shi ƙarfin janyowa na fitar hankali. Gas ɗin da ya faɗa masa yakan isa da gudun da ya kusa rabin gudun haske, ya bugi jikinsa, zafi ya kai digiri miliyoyi, sai hasken eksire ya fito. Wannan faɗawar ta fi ƙonewar nukiliya da ke cikin rana ba da makamashi nesa ba kusa ba. Rana na juya ƙasa da kashi 1 cikin 100 na nauyin makamashinta zuwa haske, faɗawa kan tauraron niyutiron kuwa na ba da sama da kashi 10.

Hanyar da gas ke bi daga babba zuwa ƙarami iri biyu ce, kuma duk wanda ya taɓa tarar ruwan sama zai gane su. Ta farko kamar a ajiye bokiti a ƙarƙashin indararo ne. Idan taurarin sun matsu da juna ƙwarai, jibgegen kan cika ya batse, gas ɗinsa ya kwarara ta hanya ɗaya zuwa ga ƙaramin, ya yi faifai yana juyawa kafin ya faɗa. Haka abin yake a Centaurus X-3, wanda ke kammala zagayensa cikin kwana 2.09, shi ya sa haskensa ke da ƙarfi sosai.

Ta biyu kamar a ajiye bokitin a tsakar gida ne, abin da ya faɗo ciki shi ne rabonsa. Jibgegen tauraro kullum yana fesar da gas ta ko'ina, iskar da ke gudun ɗaruruwan kilomita a daƙiƙa guda. Ƙaramin yana ratsawa ta cikin iskar yana kama ɗan abin da ƙarfinsa ya iya lanƙwasowa, saura duk ya wuce. Lissafin da Bondi da Hoyle suka yi tun shekarun 1940 ya nuna gudun iskar ne ke yanke hukunci: idan gudun ya ninka sau 2, abin da ake kamawa zai ragu kusan sau 16. Sauyi kaɗan a iska sai ya zama babban sauyi a haske.

Abin da tsawon zagaye ke faɗa

Misalin da ya fi shahara a rukuni na biyu shi ne Vela X-1, mai nisan da haske ke shafe shekaru sama da 6,000 kafin ya ratso. Jibgegen nasa, mai lamba HD 77581, faɗinsa ya kai kusan ninki 30 na rana. Tauraron niyutiron na zagaya shi sau ɗaya a kwana 8.964, yana kuma juyawa a kan kansa sau ɗaya a daƙiƙa 283, kamar fitilar motar asibiti mai haskawa tana ɗaukewa.

Wannan ƙyaftawar agogo ce, kuma da ita ake auna zagayen. Lokacin da ƙaramin ke ɓangaren da ya fi kusa da duniya, ƙyaftawar kan iso da wuri. Idan ya koma can baya, sai ta makara. A Vela X-1 bambancin na kaiwa kusan daƙiƙa 114 gaba ko baya. Dabarar ɗaya ce da wadda GPS na waya ke amfani da ita, inda ake gano wuri daga lokacin da saƙo ya ɗauka kafin ya iso. Da an san tsawon zagaye da girmansa, dokar Kepler ta shekarar 1619 za ta taimaka a fitar da nauyin taurarin, ba tare da kowa ya je can ba.

Akwai alama ta biyu wadda ta fi sauƙin gani. A kowane zagaye, ƙaramin kan shige bayan jibgegen, hasken eksire ya ɗauke na kusan kwana 1.7. Husufi ne sosai, yana maimaituwa duk kwana tara ba fashi.

Wani tauraron, GX 301-2, zagayensa kwana 41.5 ne, kuma hanyarsa ba da'ira ba ce, ta yi tsawo kamar ƙwai. Wani lokaci yana nesa da babban, wani lokaci ya matso. Duk sanda ya kusa isa wurin da ya fi matsowa, sai ya shiga gas mai kauri, haskensa ya tashi. Cygnus X-1 kuma, wanda ƙaraminsa baƙin rami ne mai nauyin rana kusan 21 bisa awon da aka fitar a 2021, kwana 5.6 yake yi.

Hankali zai ce duk wanda zagayensa ya fi gajarta shi ya fi kusa, don haka shi zai fi ci, ya fi haske. Tauraron ɗan'adam na Turai mai suna INTEGRAL, wanda aka harba a 2002, ya rikita wannan lissafin. Ya gano wasu da ke kwana da kwanaki shiru, sai cikin 'yan sa'o'i haskensu ya ninka sau dubbai, sannan su sake yin lif. Ɗaya daga cikinsu, IGR J16479-4514, zagayensa kwana 3.32 ne kacal, bai kai rabin na Vela X-1 ba, amma yawancin lokaci haskensa bai kama ƙafar nasa ba. Masana na ta jayayya a kai. Wasu sun ce iskar ce ke zuwa gudaji-gudaji kamar kunun da bai damu ba. Wasu sun ce maganaɗisun ƙaramin ne ke tare gas ɗin kamar mai gadi a ƙofa, sai lokaci-lokaci yake buɗewa. Har yanzu ana fitar da maƙalu kan wannan tambaya, kuma da irin bayanan da kowa zai iya saukewa ake yin su.

Yadda waya za ta yi aikin

Iskar da ke lulluɓe da duniya tana tare hasken eksire, shi ya sa sai daga sama ake auna shi. Tauraron ɗan'adam na farko da aka keɓe wa wannan aiki daga Afirka ya tashi. An harba shi ranar 12 ga Disamba 1970 daga wani dandali a teku kusa da Malindi ta ƙasar Kenya, aka sa masa suna Uhuru, wato 'yanci da Suwahili, saboda ranar ta dace da bikin samun 'yancin ƙasar. Shi ya gano ƙyaftawar Centaurus X-3 a 1971.

Magadansa biyu sun fi amfani ga mai waya. Na farko Swift na hukumar NASA ta Amurka, da aka harba a Nuwamba 2004, wanda na'urarsa mai suna BAT ta tara awon ɗaruruwan taurari na shekara da shekaru. Na biyu MAXI na Japan, wanda ke maƙale a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tun 2009. Dukansu sun zuba awonsu a shafukan da ba sa neman kuɗi. Fayil ɗin Vela X-1 na awon kullum rubutu ne zalla, layi-layi na lambobi, bai kai nauyin gajeren bidiyon TikTok ɗaya ba.

Abu uku ake buƙata daga kowane layi: rana, ƙarfin haske, da kuskuren awo. Ranar ba a rubuce take da wata da shekara ba, lamba ce da ke ƙirga kwanaki tun daga 17 ga Nuwamba 1858, abin da ke sauƙaƙa lissafi. Idan aka zana lambobin yadda suke, hargitsi kawai za a gani, sama da ƙasa babu tsari.

Dabarar ita ce ninkewa. A ce wani ya riƙa ƙirga motocin da ke shiga wani gari kullum tsawon shekara, bai san ranar kasuwar garin ba. Idan ya tara duk Litinin wuri ɗaya, duk Talata wuri ɗaya, har zuwa Lahadi, ranar kasuwa za ta fito fili da kanta. Haka ake yi wa tauraron, sai dai makonsa kwana 8.964 ne. A raba lambar kowace rana da 8.964, a riƙe abin da ya yi saura, a kasa saurar gida 20, a fitar da matsakaicin hasken kowane gida. Gidaje uku zuwa huɗu a jere za su faɗi ƙasa warwas. Husufin ke nan. A Python wannan bai wuce layi 15 ba, kuma manhajar Pydroid 3 ko Termux na gudanar da shi a wayar Android. Wanda bai fara Python ba ma zai iya da Google Sheets, ta amfani da MOD.

Mataki na gaba shi ne mutum ya yi kamar bai san amsar ba. Ya sa manhajarsa ta gwada kowane tsawo daga kwana 3 zuwa 50, ta nuna wanda ya fi fitar da tsari. Idan ta tsaya a 8.96, ya gano zagayen tauraro da hannunsa. Daga nan sai ya gwada GX 301-2, inda zai ga tudu maimakon rami. Centaurus X-3 zai koya masa wani darasin: zagayen kwana biyu ya yi gajarta ga awon da ake yi sau ɗaya a yini, dole ya koma fayil mai awo akai-akai. Duk injiniyan da ke aiki da na'urorin awo sai ya ci karo da wannan matsalar wata rana.

Me ya sa wannan ya fi darasin kwafa

Abu biyu ne suka haɗu a nan waɗanda ba kasafai ɗan koyo ke samunsu tare ba. Na farko, bayanan na da datti irin na gaske. Akwai ranakun da ba a yi awo ba, akwai lambobin da suka fito ƙasa da sifili, akwai waɗanda kuskurensu ya fi su girma. Mai koyo dole ya yanke shawarar abin da zai zubar da abin da zai riƙe, kuma wannan shawarar ita ce rabin aikin mai nazarin bayanai. Na biyu, amsar sananniya ce. Wanda ya samu 8.96 ya san ya yi daidai, wanda ya samu 7 ya san akwai ɓaraka a manhajarsa. Tauraron da kansa ke duba jarrabawar, abin da ke da muhimmanci ga wanda ba shi da malami a kusa.

Wani zai ce ChatGPT zai rubuta manhajar cikin daƙiƙa goma. Zai rubuta, kuma wani lokaci zai ɗauki layin da ba shi ba, ya ba da amsa cikin gadara. Wanda ya taɓa ninke bayanai da hannunsa shi zai gane an yi masa shigo-shigo ba zurfi. Masu ɗaukar aiki yanzu sun fi neman wanda zai iya tantance abin da na'ura ta rubuta.

Ƙwarewar kuma ba a sama take tsayawa ba. Gano abin da ke maimaituwa cikin hargitsin lambobi shi ne aikin mai duba cinikin POS don ya san ranakun da ya kamata ya tanadi tsabar kuɗi, da mai lura da batirin sola don ya san yaushe ya fara mutuwa, da mai bin farashin masara da waken soya daga kaka zuwa bazara, da asibitin da ke son sanin watannin da zazzaɓin cizon sauro ke tashi. Manhajar ɗaya ce, fayil kawai ake canzawa.

Masu cewa ba lokacinsa ba ne

Hujja mafi ƙarfi a kan wannan ra'ayi ita ce halin da jihar ke ciki. Mutanen da ke fargabar bin hanyar Gusau zuwa Funtuwa ta Tsafe, manoman da aka raba da gonakinsu a ƙauyukan Bungudu, ina su ina tauraron da ke can ƙarshen sama? Tambayar na da nauyi, kuma babu mai hankalin da zai ce lissafin taurari zai kawo tsaro. Sai dai matashin da ke zaune a gida saboda babu aiki, babu halin tafiya, yana da lokaci da waya a hannu. Ko dai lokacin ya tafi a kallon rigimar 'yan TikTok, ko ya bar masa sana'ar da ake iya yi daga ɗaki a biya shi daga Legas.

Hujja ta biyu ita ce sabis da tsadar data, musamman tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data a Janairun 2025. Mutanen Zamfara sun san abin da ya fi tsada ciwo. A farkon Satumban 2021 aka katse layukan sadarwa a faɗin jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga. Gusau ta samu nata a farkon Oktoba, sauran wurare irin su Tsafe sai ƙarshen Nuwamba. Duk wanda karatunsa ya dogara da kallon bidiyo kai tsaye ya tsaya a lokacin. Aikin taurari kuwa sau ɗaya ake sauke fayil da manhaja, a tura wa abokai ta Xender, a yi makonni ana aiki babu sabis. Wurin da aka taɓa kashe wa intanet ya fi kowa buƙatar darasin da ke tafiya ba da ita ba.

Hujja ta uku ita ce wai ilimin taurari na Turawa ne. Manoman ƙasar Hausa sun daɗe suna duba fitowar Kaza da 'Ya'yanta da lissafin taurarin damina kafin su yi shuka. Muhammad al-Kashinawi, malamin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya bar rubuce-rubucen lissafi da har yau ake nazarinsu. Sannan akwai wata falala da wurin zama ya bayar. Gusau na kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, don haka jibgegen tauraron Vela X-1 na hawa har kusan digiri 37 a sararin kudu. A Landan ba ya leƙowa ko sau ɗaya a shekara. A ƙarshen Maris, idan hazo ya janye, tsakanin ƙarfe 9 da 10 na dare, ƙaramin madubin hangen nesa na hannu zai nuna shi ɗan ɗigo, manhajar Stellarium kuma za ta nuna inda za a duba. Daga tsakar gida za a yi, babu dalilin fita bayan gari ko hawa dutsen Kwatarkwashi da dare. Ɗaukewar wutar lantarki da ake kuka da ita, a wannan daren dai taimako take yi.

Wa ya kamata ya motsa

Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke garin, suna da ɗaliban kimiyya da ke neman batun aikin kammala karatu duk shekara. Ninke bayanan taurari biyar a kwatanta tsawon zagayensu da ƙarfin haskensu aiki ne na gaske, bai buƙatar ɗakin gwaji ko janareta. Ɗaliban kwalejin kiwon lafiya ta Tsafe za su iya koyon dabarar a kan tauraro su juya ta kan alƙaluman asibiti. Masu koyarwa a shirin 3MTT na gwamnatin tarayya, wanda aka fara a 2023, za su iya maye gurbin ɗaya daga cikin ayyukan kwafa da wannan. Hukumar NASRDA, wadda ke kula da harkar sararin samaniya tun 1999, ya kamata ta fitar da irin wannan darasi da Hausa, domin wayar da kai bai kamata ya tsaya a Abuja da Nsukka ba.

Amma ba sai an jira su ba. Mutum biyar a zauren WhatsApp sun isa: ɗaya ya ɗauki Vela X-1, ɗaya GX 301-2, ɗaya Centaurus X-3, ɗaya 4U 1700-37 mai zagayen kwana 3.41, na biyar ya duba aikin sauran. Kowa ya ɗora manhajarsa da zanensa a GitHub, da bayani da Hausa da Turanci. Ranar da aka tambayi ɗayansu abin da ya taɓa yi da hannunsa, zai buɗe shafin ya nuna fayil ɗin NASA, da layukan da ya rubuta, da lambar 8.96 da suka fitar.